Reno Ya Fi Dashe: Nazari Kan Sadaka Mai Gudana Da Kare Muhalli

Babu huɗubar da ta kai ta dashen itace sauƙi ga limami a ƙasar Hausa. Nassoshinta a fili suke, ɗan ɗariƙa da ɗan Izala ba sa jayayya a kansu, kuma duk wanda ke zaune a sahu ya ɗanɗani zafin bazara, wani ma ya ga yadda rairayi ke binne gonaki a Yusufari ta Yobe ko a Gure ta Damagaram. Masu bayarwa ma ba su yi ƙaranci ba. Attajiri na gina masallaci, mai matsakaicin hali na haƙa rijiyar burtsatse da sunan mahaifinsa marigayi, ƙungiyoyin matasa na raba tsirrai kowace damina. A Nijar tun 1975 aka haɗa bikin 'yancin kai na 3 ga Agusta da dashen itace. A Nijeriya jihohi 11 na arewa suna cikin shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Duk da haka inuwa sai raguwa take yi a garuruwanmu, daji kuma sai ƙara nisa yake.

A ganina giɓin yana tsakanin ranar da aka bayar da shekarun da ke biye da ita. Sadakarmu ta saba da aikin da ake gamawa a yini ɗaya a kuma gan shi da ido. Muhalli kuwa yana neman hidimar da ba ta ƙarewa: ban ruwa a rani, shinge saboda awaki, mai gadi saboda gatari, da takarda saboda magada. Fiƙihun da muke karantawa a zaure ya tanadi waɗannan duka tun ƙarnoni, kuma wuraren da aikin addini ya ceci daji ko ruwa a zamaninmu, da wannan tanadin suka yi nasara.

Abin da nassi da fiƙihu suka tanada

Hadisan da aka fi kawowa sanannu ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk shukar da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, na farkonsu sadaka mai gudana. A Musnad na Imamu Ahmad akwai umarnin cewa wanda alƙiyama ta riska da tsiron dabino a hannunsa ya dasa shi in ya sami iko. A Muwaɗɗa Malik kuma an kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana sare itace mai 'ya'ya, alhali yaƙi za su je.

Akwai sharaɗi a cikin hadisin Anas da ba a cika tsayawa a kansa ba. An rataya ladan ne a kan cin amfanin. Tsiron da akuya ta cinye a makon farko, ko gara ta kashe a watan Fabrairu, mai shi ya sami ladan niyyarsa da na ganyen da akuyar ta ci, amma sadakar ba ta gudana ba. Haihuwa ce aka yi babu reno.

Shi ya sa asalin wakafi ya fi dacewa a duba da kyau. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, ya nemi shawarar Annabi (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Umar ya gindaya cewa ba za a sayar ba, ba za a bayar kyauta ba, ba za a gada ba. Ya kuma ƙara wani abu: mai kula da gonar yana da izinin ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba. Wato tun a wakafin da malamai suka ɗauka tushe, an yi tanadin ladan mai kula. Daga nan fuƙaha'u suka gina ƙa'idar cewa gyaran wakafi da kula da shi ake fara fitarwa daga amfaninsa kafin a raba wa waɗanda aka yi dominsu, domin in asalin ya lalace babu abin rabawa. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mafi yawanmu, ta ƙara sassauci. Ta yarda da hubusi, wato wakafi, na wani lokaci ƙayyadadde, ta kuma yarda da na abin da ake iya ɗauka kamar dabba da littafi da kayan aiki. Manomin da ba zai iya rabuwa da gonarsa har abada ba yana iya tsare wani gefenta shekara ashirin domin itatuwa su girma.

Haka labarin hima yake, wato filin da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Umar kuma ya keɓe Rabaza da Sharaf. Abin lura shi ne Umar ya naɗa mai gadi, wani bararren bawansa mai suna Hunayyu, ya umarce shi ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya hana garken attajirai irin su Ibnu Aufu da Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun mutu suna da gonakin da za su koma, talaka kuwa ba shi da wurin zuwa sai ƙofar shugaba. A cikin wannan umarni guda an haɗa keɓe wuri da naɗa mai tsaro da fifita mai ƙaramin ƙarfi. Ilimin bai tsaya a Hijaz ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da hanyoyin mallakarta, kuma hurumin gari da burtali da mashaya, waɗanda dagatai suka tsare shekaru aru-aru, a kan irin wannan fahimta suka tsayu.

Zakka fa? A nan ya kamata masu kishin muhalli su yi hattara. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai, har da Malikiyya, ba su yarda a gina masallaci ko gada ko a haƙa rijiya da ita ba. Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2015 da ta halatta amfani da zakka wajen samar wa matalauta ruwa da tsafta, amma wannan ijtihadi ne na zamani da ba kowa ya karɓa ba. Ban ga dalilin jan wannan rigima ba alhali ƙofar sadaka da ta wakafi a buɗe suke ba tare da saɓani ba. Zakka haƙƙin talaka ce, a miƙa masa a hannunsa. Itace da ruwa da fili kuwa aikin wakafi ne.

Darasin Maraɗi

Mafi girman farfaɗowar itatuwa da aka gani a yankin Sahel a ƙasar Hausa ta faru, kuma ba da dashe aka yi ta ba. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Aikinsa raba tsirrai ne daga gandun reno zuwa ƙauyuka, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa mafi yawansu mutuwa suke yi. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa su ƙone kafin shuka, toho ne daga kututturen manyan itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Yakan ce wannan fahimta amsar addu'arsa ce. Dabarar ba ta da wuya. Manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi daga kututture, ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya rage rassan gefe, ya kare shi daga dabba da wuta. Tun da saiwar ta riga ta kai ga danshi, sabara da kalgo da aduwa da magarya kan tashi da saurin da dashe ba ya yi. Manoman Maraɗi sukan kira abin sassaben zamani.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koyarwa ga mai bayarwa. A yunwar 1984, an haɗa rabon abincin agaji da sharaɗin manomi ya bar itatuwa a gonarsa, aka tsare kimanin itace 500,000. Da aka yi damina mai kyau rabon ya tsaya, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wanda ya tsaya a nan zai ce sadakar ta tafi a banza. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya fito: itacen girki a kusa da gida, ganye da 'ya'yan itace ga dabbobi a rani, iska ba ta binne shukar gero sau biyu sau uku kamar da. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin, binciken da Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu na Nijar suka yi da hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam ya kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200.

Zai zama rashin adalci a jingina wannan duka ga mishan ko ga wani shiri. A Magarya da Matamai da Mirya, manoma da kansu suka mayar da gawo gonakinsu, domin sun san yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Tarihin Damagaram ma ya riƙe cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani ga mai sare gawo. Abin da ya daɗe yana hana manomi barin itace shi ne doka. A da a Nijar itatuwa na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tarar mutum a kan reshen da ya sare a gonarsa, saboda haka hikima ita ce a kashe tsiro tun yana ƙarami. Da ikon ma'aikatan ya yi sanyi, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka fara sakar wa manomi haƙƙinsa, sai itace ya zama dukiya. A Dan Saga ta yankin Agye mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro, da mata da Fulani makiyaya a ciki, domin hana satar itace da dare. Agajin addini ya buɗe ƙofa ya kuma ciyar da mutane a shekarar wuya. Abin da ya riƙe itatuwan bayan tafiyar agaji shi ne mallaka da amfani da tsaro.

Katanga da mai gadi

A tsaunukan arewacin Habasha, inda noma da kiwo suka cinye kusan dukan dajin asali, abin da ya rage sai 'yan kurmi da ke kewaye da majami'un Cocin Orthodox, waɗanda ake kiyasta yawansu ya kai 35,000 a ƙasar. Mabiya sun ɗauki kurmin a matsayin suturar ɗakin ibada, ba mai sare shi. Amma Dokta Alemayehu Wassie, wanda ya yi nazarin digirinsa na uku a kansu, ya gano cewa tsarkin wurin bai hana shanu shiga su cinye ƙananan tsirrai ba, bai kuma hana garma cin gefen kurmin shekara bayan shekara ba. Manyan itatuwa na tsufa babu masu gadonsu. Maganin da shi da limaman cocin suka tsayar shi ne katangar dutse, da gudummawar masu bayarwa daga waje da kuma ƙarfin mutanen ƙauye, waɗanda ke tsince duwatsun daga gonakinsu. A bayan katangar kurmin kan farfaɗo da kansa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, wurin da tsofaffin tsamiya da kuka da marke suka tsira shi ne maƙabarta, sai filin idi a wasu wurare. Katange maƙabarta sadaka ce da jama'a suka riga suka sani suke kuma so. Abin da ya rage shi ne kwamitocin su gane cewa itatuwan ma amana ce, a hana sassaƙe ɓawonsu har su bushe, a kuma bar sababbi su tashi a gefen katanga inda saiwa ba za ta taɓa kabari ba.

Misalin tsibirin Misali da ke kusa da Pemba a Tanzaniya ya shahara a rubuce-rubuce. A da masunta na kamun kifi da nakiya suna farfasa murjanin da kifin ke hayayyafa a ciki, hanin gwamnati kuma bai yi tasiri ba. A ƙarshen shekarun 1990 gidauniyar IFEES ta Fazlun Khalid, tare da ƙungiyar CARE, suka zauna da limamai da malaman islamiyya da shugabannin masunta a kan ayoyin halifanci da amana da hanin ɓarna a bayan ƙasa. Kamun kifi da nakiya ya ragu ƙwarai. Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake cewa akwai ƙungiyar masuntan da ke sintiri, akwai kason kuɗin 'yan yawon buɗe ido da ke komawa ƙauyuka, akwai kuma asusun adashe da rance. Wa'azin ya sami abin jingina. A lardin Aceh na Indonesiya kuwa, tun 2012 wasu matasa ke tara ƙananan gudummawa suna sayen filin da ya lalace a Jantho suna mayar da shi wakafin daji, domin ƙasar wakafi ba ta sayuwa ga mai neman faɗaɗa gona.

Akasin haka ma muna da shi a gida. Dajin Rugu da Kamuku da Sambisa duk keɓaɓɓun wurare ne a takarda. Da aka bar su babu isassun masu gadi, babu kuma amfanin da ke komawa ga ƙauyukan gefensu, sai masu sare katako suka fara, masu ɗauke da makamai suka ƙarasa. Yau akwai ƙauyukan da kalmar daji ke tayar wa mutanensu hankali, kuma duk mai kira ga kare daji a Katsina ko Zamfara dole ya san da wannan ciwo kafin ya buɗe baki.

Abin da ke hannun mutum

Aikin mutum a karan kansa ƙarami ne, amma shi ke ba kira ƙarfi. An ruwaito a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu guda, wanda bai kai lita ɗaya ba. Buta ta fi kusa da wannan sunna fiye da famfon da ake bari a buɗe, kuma ruwan alwalar masallacin Juma'a guda, in an yi masa hanya maimakon ya kwanta a kwata, ya isa ya rayar da layin darbejiya ko dabino. Alhazanmu sun ga darbejiyar filin Arfa, wadda ta rayu a wancan zafi saboda an haɗa dashen da bututun ban ruwa.

Akwai kuma sadakar da ke barin cuta a bayanta, kuma faɗin haka ba raina mai ita ba ne. Ruwan leda da ake rabawa a jana'iza da wurin tafsiri, da robobin abincin buɗa-baki, washegari suna cikin magudanar ruwa. Mahauta sun san yawan ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Addinin da ya sa kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani, ya kuma tsananta a kan mai bahaya a inuwar da mutane ke zama, ba zai rasa hukunci a kan wannan ba. Wanda ya ɗauki nauyin ciyarwa ya ɗauki nauyin kwashewa, ya sa kuɗinta cikin lissafi tun farko. Randa da moɗa a ƙofar gida, waɗanda iyayenmu mata suka riƙa ajiyewa domin masu wucewa, har yanzu suna aiki.

Inda wa'azi ke tsayawa

Ba za a ce wa matar da ke da bakin yara shida ta daina girki da itace saboda ladan lahira ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin gas da kananzir ya fi ƙarfin gidaje da yawa, waɗanda suka bar gawayi suka koma masa, motocin buhunansa kuma suna shigowa birane dare da rana. Mai ƙona gawayin shi ma yawanci talaka ne da rani ya bari babu sana'a. Wa'azin da ya tsaya a kan haramcin ɓarna, bai tanadi abin da za a ɗora tukunya a kai ba, zai ƙara wa talaka nauyin zunubi ne kawai, itacen kuma a sare shi. Hikimar Umar ga Hunayyu a nan take da amfani: a sassauta wa mai ƙaramin ƙarfi, a tsananta wa mai fitar da gawayi tirela-tirela. Kuɗin sadaka na iya sayen murhu mai tsimin itace ga gidaje da makarantun allo, inda ake dafa wa almajirai da yawa. Wakafi na iya tsayar da gonar itacen girki da ake yanka bisa tsari tana sake toho, a sayar da rahusa, kuɗin ya biya mai gadi.

Manyan takardu sun fito a duniya. Paparoma Francis ya fitar da Laudato Si' a 2015, a shekarar ce kuma malaman Musulunci suka yi sanarwar Istanbul kan sauyin yanayi, sannan aka ƙaddamar da Al-Mizan a Nairobi a 2024. Suna da amfani wajen nuna cewa batun na addini ne, amma babu ɗayansu da zai shayar da tsiro a Illela. Wannan aikin hukumomin zakka da wakafi ne irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, da kwamitocin masallatai da na majami'u, da masu hannu da shuni. Ina ganin lokaci ya yi da waɗannan hukumomi za su ƙi karɓar rijiya ko gonar itatuwa a matsayin wakafi sai an haɗo ta da abin da zai riƙe ta, ko shago ne, ko wani kaso na amfanin, kamar yadda littattafan fiƙihu suka tsara. Rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda ƙaramin gyara, da allon sunan mai sadaka a jikinsu, sun isa hujja.

Kai kuma mai niyyar barin abin da zai bi ka kabari, kada ka bar shi a baki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnonin jihohi a Nijeriya, kuma filin da ba shi da takarda, ko magada ko hukuma wani zai iya yanka shi fuloti bayan ranka. Ka rubuta wakafinka tun kana da lafiya, da shaidu, da sanin dagaci da alƙali. Ka ambaci sunan mai kula da wanda zai gaje shi, ka faɗi ladansa, ka kuma ware kason gyara da ban ruwa kafin kason kowa.